Kundin Rainon Murjanin Acropora da Aka Ciro Daga Teku

26 ga Fabrairu

Tankin killacewa, inda sabon murjani zai zauna ana duba shi kafin ya shiga babban tanki, ya shirya. Na gilashi ne, yana cin lita 120, ba yashi a ƙasansa, ba dutse a ciki sai 'yan tubalan tangaran masu ramuka da suka daɗe a tankin ƙasa na babban tanki, wato na tace ruwa da ke ƙarƙashinsa, har suka ɗauki bakteriyar da ke sarrafa amoniya. Da gangan aka bar ƙasan fili, domin duk abin da ya faɗo daga jikin murjani, tsutsa ce ko ɓawon nama, ido ya gan shi nan take. Akwai teburin roba mai raga na jera murjani, famfunan kaɗa ruwa biyu suna kallon juna, jimillarsu lita 5,000 a awa, hita mai wat 100, ƙaramar na'urar kumfa mai kwashe datti daga ruwa, da fitilar LED wadda ake iya rage mata ƙarfi.

Abin da ake jira dunƙule shida ne na murjani mai rai daga tekun Kwinsland ta Ostareliya: Acropora millepora biyu, A. tenuis ɗaya, A. spathulata ɗaya, A. echinata ɗaya, da Montipora mai faranti ɗaya. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, don haka ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini. Fiji ta hana fitar da shi a ƙarshen 2017, Indunusiya ta dakatar daga 2018 zuwa farkon 2020, shi ya sa Ostareliya ta zama babbar hanyar samun wanda aka ciro kai tsaye daga teku.

Wanda aka haifa a tanki ya riga ya saba da hasken fitila da ruwan gishirin da ake haɗawa a gida. Na teku kuwa duk rayuwarsa a ruwan da ma'auninsa kusan ba ya motsi ya yi ta. Saboda haka ruwan killacewa an ɗora shi a kan ma'aunin teku: gishiri kashi 35 cikin dubu, zafi digiri 25.5, alkaliniti (yawan kabonet ɗin da murjani ke gina ƙashi da shi) 7.3 a ma'aunin dKH, kalsiyam 420 ppm (kashi cikin miliyan), magniziyam 1,300 ppm. Masu neman saurin girma kan kai alkaliniti 9 ko 10. Ga sabon zuwa daga teku, inda yake kusan 7, wannan neman fitina ne.

4 ga Maris

Kaya sun iso. Ruwan ledojin ya sauka zuwa digiri 23, gishirinsa 35. An bar ledojin a rufe suna yawo a saman tanki na minti 20 har zafi ya daidaita, sannan aka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi ɗigon ruwan tanki cikin leda na awa guda don ya saba ba. Ruwan da murjani ya kwana biyu a ciki cike yake da yauƙi da amoniya, kuma da zarar iska ta shiga, pH ya hau, amoniyar ta ƙara dafi. Gara a fitar da shi da wuri.

Kafin wankan maganin ƙwari, an duba tsakanin rassa da tocila. A millepora ɗaya da tenuis akwai ƙananan ƙaguwa masu santsin baya na jinsin Tetralia. Waɗannan abokan zama ne, suna share laka daga jikin murjanin, maganin wanka kuwa kashe su yake. An zungure su a hankali da tsinken roba zuwa kofin ruwan teku, aka mayar da su bayan an gama. A spathulata an samu wata ƙaguwa mai gashi, ruwan toka, irin wadda ke gatsar nama. Ita ba ta koma ba.

Sai yanke gindi. Kowane dunƙule an raba shi da dutsen da ya zo a kai, da almakashin ƙashi, santimita ɗaya sama da inda nama mai rai ya fara. Da tausayi, don ana zubar da kusan rubu'in abin da aka biya kuɗi a kai, amma a matacciyar ƙasan nan ƙwan tsutsa, da soso, da katantanwa mai bututu, da Aiptasia, wata 'yar halitta mai harbin murjani, suke ɓoye. Gindin spathulata da aka tsaga, cikinsa baƙin soso ne da ya fara ruɓewa, warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai.

Wanka: giram 2 na fotasiyam kulorayid a kowace lita ta ruwan tanki, a cikin farar roba, minti 10, ana fesa ruwa tsakanin rassa da babban sirinji. Echinata, da yake namanta siriri ne mai santsi, minti 5 kawai ta yi. Daga nan ɗauraya sau biyu a ruwa mai tsabta. A robar da aka wanke millepora ta biyu, abubuwa takwas suka faɗo ƙasa, falan-falan, tsawon milimita 3 zuwa 5, suna naɗewa suna miƙewa, kamar gutsuren ɓawon albasa da aka jiƙa. Tsutsar da ke cin Acropora ce, Prosthiostomum acroporae. A jikin murjani ba a ganinta sam, domin tana haɗiye gansakukar cikin namansa ta ɗauki launinsa. Alamarta fararen ɗigogi masu faɗin milimita ɗaya a ƙasan rassa.

An manne kowane a kan faifan tangaran da supa gulu mai kauri, aka rufe bakin yankan gaba ɗaya. Haske a kan tebur, a ma'aunin ƙarfin haske: PAR 120, awa takwas a rana, galibi shuɗi.

7 ga Maris

Spathulata ta fara saɓule nama daga gindi. Da safe farin ƙashi ya kai santimita ɗaya, kafin azahar ya kai uku, naman yana tashi fatsi-fatsi yana bin ruwa. Masu sana'ar na kiran wannan RTN, wato mutuwar nama cikin gaggawa, kuma dunƙule guda kan iya ƙarewa a kwana ɗaya. Bambancinsa da fari irin na zafi a bayyane yake: a can nama yana nan, launi ne ya tafi, a nan ƙashi ne tsirara, ramukan bakunan murjanin sun zama wayam.

Dalilin bai wuce wahalar tafiya haɗe da ruɓaɓɓen soson da ta kwana da shi a leda ɗaya ba. Bakteriya irin su Vibrio da ƙananan halittu masu cin nama suna samun ƙofa ne a inda nama ya raunana. Spathulata kuma 'yar saman tudun murjani ce, inda igiyar ruwa ke duka dare da rana, rassanta masu kauri ne a matse, ruwa mai sanyin jiki ba ya ratsa tsakiyarta.

Jira ba ya magani a nan. An fitar da ita, aka yanke rassa uku da ke nesa da ciwon, kowane santimita biyu sama da layin mutuwa, a cikin nama lafiyayye. Wanda ya yanka daidai kan layin, ciwon zai bi reshen. An tsoma su minti 5 a ruwan tanki mai ɗigo huɗu na aidin ɗin Lugol a lita, aka manne su daban-daban, aka ajiye su a gaban famfo. Sauran dunƙulen an zubar. An canja lita 25 na ruwa, aka sa giram 60 na gawayin tacewa a jaka.

11 ga Maris

Cikin rassa ukun, ɗaya ya bi uwar. Biyu sun tsaya.

Wanka na biyu: tsutsa uku, duk ƙanana. Babu maganin wanka da ke kashe ƙwanta, wannan shi ne wahalar. Tana dasa su ne a gungu-gungu, launin ruwan goro, a kan ƙashin da ba nama, kuma a zafin wannan tanki suna ƙyanƙyashewa cikin kimanin sati biyu. 'Ya'yan na buƙatar makonni kafin su fara nasu ƙwan. Don haka wanka duk sati, ba fashi, shi ne ke kama kowane sabon ƙyanƙyasa kafin ya balaga. An samu gungu ɗaya a lungun reshe inda almakashi bai kai ba. An kankare shi da tsinin wuƙar tiyata, aka shafe wurin da gulu.

An duba jajayen ƙwari, Tegastes acroporanus, da gilashin ƙara girma: rabin milimita ne, jiki rawaya da ɗigon ja. Babu. Da an same su, maganinsu milbemycin oxime ne, na tsutsar zuciyar karnuka, wanda kuma ba ya barin ƙaguwa ko jatan lande da rai.

18 ga Maris

Naitiret 0, fosfet 0.00, wato abincin gansakukar cikin murjani ya ƙare a ruwan. Tankin da ba kifi haka yake yi, ba mai zuba abinci, na'urar kumfa kuma tana kwashe ɗan abin da ke akwai. An haɗa ruwan ƙari iri biyu. Na farko giram 137 na sodiyam naitiret a lita ɗaya ta tataccen ruwa, mililita 1.2 na ɗaga tankin nan da 1 ppm. Na biyu giram 1.43 na monofotasiyam fosfet a lita ɗaya, mililita 1.2 na ɗaga shi da 0.01 ppm. Fosfet aka fara sawa, bayan kwana biyu naitiret. Abin nufi: naitiret 3 zuwa 5, fosfet 0.04 zuwa 0.06. An kashe na'urar kumfa da daddare.

Wanka na uku: tsutsa ɗaya.

1 ga Afrilu

Duka sun koma ruwan ƙasa. Millepora da ta zo ruwan hoda yanzu launin shayi mai madara take, shuɗin kan rassan tenuis ya dusashe, echinata ce kaɗai ta riƙe ɗan shuɗi.

A nan ne mutane da yawa ke kashe murjaninsu. Sai su ga launi ya tafi, su ƙure fitila, su zuba magungunan ƙara launi, su sauke fosfet zuwa sifili, duk a sati ɗaya. Alhali ruwan ƙasan nan ba ciwo ba ne. A cikin naman murjani akwai ƙwayoyin gansakuka masu suna zooxanthellae, launinsu ruwan ƙasa mai ɗan zinariya, su ke sarrafa haske su ba shi mafi yawan abincinsa. Da haske ya ragu, abinci kuma ya ƙaru a ruwa, sai su yawaita su kuma ƙara duhu, su rufe launin murjanin kansa. Shi wannan launin, kore da ja da shuɗi da shunayya, sunadarai ne da murjanin ke ƙerawa da ƙarfinsa, kuma binciken masana a Jami'ar Southampton ta Ingila ya nuna cewa hasken shuɗi mai ƙarfi ne ke sa ya ƙera da yawa daga cikinsu. Murjanin da ke fama da gyaran rauni ba shi da rarar da zai kashe a kan ado.

Abin dubawa a wannan mataki uku ne. Bakuna suna fitowa da daddare? Suna fitowa, millepora har ta yi buzu-buzu. Nama ya cika ko ya lafe a jikin ƙashi? Ya cika. Alkaliniti yana raguwa? Yana raguwa da 0.1 dKH a rana, alamar an fara gina ƙashi. Ana mayar da shi da ruwan sodiyam baikabonet, giram 60 a lita: mililita 6 na ɗaga lita 120 da 0.1.

Haske ya hau zuwa PAR 145. Ƙari 25 a sati, ba fiye ba.

15 ga Afrilu

Wanka huɗu a jere ba tsutsa, ba sabon tabon cizo. An dakatar da wanka, za a ci gaba da fesa rassa da sirinji a kan farar roba duk sati don tabbatarwa.

Tenuis da millepora ɗaya sun fara shimfiɗa gindi: wani siririn leɓe mai farin baki ya haye gulu ya kama faifan. Wannan ita ce shaidar da ake jira tun farko, ta fi kowane launi. Rassan spathulata biyu sun rufe yankansu. Montipora ta yi farin zobe a gefen farantinta. An juya ta an duba ƙasa saboda fararen dodon-koɗi marasa ɓawo masu cin irinta, babu komai. Shan alkaliniti ya kai 0.25 a rana.

6 ga Mayu

An mayar da su babban tanki, lita 400 bayan an cire abin da dutse ya cinye. Kwana uku kafin nan an daidaita tankunan biyu: gishiri iri ɗaya, zafi iri ɗaya, bambancin alkaliniti bai kai 0.2 ba. An kankare faifan kowane da buroshi, aka dasa da efoksi da gulu. Murjanin da ke girgiɗi ba ya kama dutse, ko ya yi wata shida.

Wurin zama ya bi asalin kowa. Echinata daga ruwa mai ɗan zurfi take, an ba ta gefe, PAR 160, can za ta zauna. Montipora 180. Millepora, tenuis da spathulata sun fara a 220, daidai da inda suka tsaya a killace, za su hau sannu a hankali. An bar tazarar santimita 12 tsakanin kowane biyu. Kaɗawar ruwa lita 20,000 a awa, wato ninki 50 na tankin, famfunan suna karɓa-karɓa. Ba wanda aka saita kai tsaye a jikin murjani daga kusa, don hakan fere nama yake.

A tankin akwai kifin Chromis viridis bakwai da ɗan kifin nan mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, wanda aka san shi da tsince irin waccan tsutsa. Mai gadi ne, amma ba ya maye gurbin killacewa.

20 ga Mayu

Matsala. Tenuis da millepora duka biyu sun yi haske, amma ba irin hasken da ake so ba: launi ya kwaɗe, nama ya yi siriri har ana hango zanen ƙashi, bakuna sun daina fitowa da rana. Naitiret 8, fosfet 0.00, an maimaita awo sau biyu da sabon sinadari.

Wannan haɗin, naitiret a sama fosfet babu, ya fi duka biyun su zama ƙasa haɗari. Naitiret na ingiza gansakukar cikin nama ta hayayyafa, ba ta kuma da fosfet ɗin gina jikinta, sai ta raunana, haske da zafin da da za ta iya ɗauka su zama mata dafi. Masanan Southampton sun wallafa wannan a 2013. Ga kuma barazanar dainofilajelet, yauƙin nan mai kumfa ruwan ƙasa da ke mamaye tankin da fosfet ya ƙare.

Inda fosfet ɗin ya tafi: ciyawar Chaetomorpha da ke tankin ƙasa ta ninka girma, ga garin ƙarfe mai shan fosfet da ke cikin tukunyar tacewa tun kafin zuwan sababbin baƙi, su kuma sun shigo da nasu cin. An cire garin ƙarfen gaba ɗaya, an yage rabin ciyawar, an rage mata haske daga awa 14 zuwa 8. Fitilar sama an mayar da ita baya da kashi 15 cikin ɗari. Ruwan fosfet mililita 8 safe, 8 yamma. A lita 400 kowane mililita 4 na ba da 0.01 ppm. An ƙara wa kifi ciyarwa ɗaya a rana.

27 ga Mayu

Kwana biyar na farko duk abin da aka zuba, kafin wayewar gari ya ɓace. Ba laifin na'urar awo ba ne. Dutse da yashi na kalsiyam kabonet suna kama fosfet a jikinsu, kuma wanda aka tatse sai ya ƙoshi kafin ya bar saura a ruwa. Jiya 0.02, yau 0.03. Na'urar Hanna da ake amfani da ita fosfaras take nunawa a ppb, wato kashi cikin biliyan. Ana ninka lambar da 3.066 a raba da 1,000 a samu fosfet a ppm, wato 10 ppb ya zama 0.03.

10 ga Yuni

Fosfet ya zauna a 0.05 da mililita 4 kacal a rana, naitiret ya sauko 5 da kansa. Nama ya dawo, ruwan ƙasa ya dawo tare da shi, kuma an yi maraba da shi. An ci gaba da ɗaga haske, PAR 20 a sati.

Sabon bokitin gishiri ya ba da alkaliniti 9.6, tankin kuwa 7.4 yake. Ana auna duk sabon haɗi kafin ya shiga tanki saboda irin wannan: garin gishiri kan rarrabu a hanya, wani sinadarin ya taru a sama wani a ƙasa. Da an canja kashi 20 cikin ɗari da shi, da tankin ya yi tsalle da 0.44 a awa guda. An mirgina bokitin sosai, aka koma canjin kashi 5 sau biyu a sati, wanda ba ya ɗagawa fiye da 0.11, ana tsallake ƙarin baikabonet na wannan lokacin. Hauhawar alkaliniti a ruwa mai ƙarancin abinci ita ke ƙona kan rassa: ƙashi ya yi gaba, nama ya kasa binsa, tsinin ya yi fari, gansakuka ta hau.

24 ga Yuni

Zafi ya taɓa 27.6 da la'asar. Ragar na'urar sanyaya ruwa ce ta toshe da ƙura. An wanke, an ɗora fanka a kan tankin ƙasa ya kama aiki a 26.2. Ba a ga illa ba. Fankan na ƙara ƙafewar ruwa, don haka randar tataccen ruwa yanzu kwana huɗu take yi maimakon shida.

15 ga Yuli

Launi ya fara dawowa, kuma daga sabon tsiro ya fara. Tenuis ta fitar da rassa na kusan santimita ɗaya, kawunansu shuɗi, jikin yana komawa kore mai haske. Millepora ta farko ta yi ruwan hoda a duk gefen da ke kallon fitila, ƙasanta kuma ruwan ƙasa, kuma haka zai zauna don inuwa ce. Ta biyu, wadda tsutsa ta ci, ta koma kore da jan baki, ba launin da ta zo da shi ba. Hakan na faruwa sosai. Hasken rana a saman teku da tsakar rana yakan kai PAR 2,000, da dukan launukansa. Abin da murjani ya ƙera a ƙarƙashinsa ba lallai ya maimaita shi a ƙarƙashin LED ba. Mai sayen murjanin teku saboda hoton ranar da aka ciro shi ya san da wannan.

Haske yanzu: millepora da spathulata 320, tenuis 280. Nan za a tsaya. Echinata ta yi shuɗi sosai a 160, ba dalilin taɓa ta.

An aika ruwa awon ICP, na ɗakin gwaji mai nuna sinadaran da ke cikin ruwa. Fotasiyam 385, aidin ya ɗan yi ƙasa, babu jan ƙarfe ko kuza. Ba a ƙara komai ba sai aidin, rabin abin da kwalba ta ce.

29 ga Yuli

Shan alkaliniti ya kai 0.7 dKH a rana, daga 0.3 kafin shigowarsu. Wannan giram 8.4 ne na baikabonet, wato mililita 140 na ruwan haɗin, famfon ɗigo yana raba shi kashi 24. Kalsiyam na tafiya da shi, kusan 7 ppm ga kowane dKH ɗaya, don haka 5 ppm a rana, giram 7.3 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu. Ana zuba su a wurare daban, da tazarar minti 30. In suka haɗu sai su zama farin alli su zauna a jikin hita da cikin famfo. Ana auna alkaliniti kullum a lokaci ɗaya, ƙarfe takwas na dare, domin na safe da na yamma ba sa zama ɗaya.

Reshen spathulata ɗaya ya shimfiɗa gindi mai faɗin santimita huɗu bai fitar da tsiro ko ɗaya ba tukuna. Ɗayan ya fara toho uku. A ƙasan millepora ta farko nama ya ja baya da milimita biyu a wurin da inuwa ta fi yawa. An ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, an karkato famfo ɗaya ya riƙa ratsa ƙasan. In ya ƙaru nan da sati, za a shafe layin da gulu.

A watan gobe za a yanke reshe ɗaya daga tenuis, echinata da kowace millepora a mayar tankin killacewa, wanda aka wanke aka sake tayarwa, domin kowanensu ya kasance a ruwa biyu da ba su haɗa famfo ba.